Tsohon Kwale-kwalen Iska a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Saye, Gyara da Binciken Asalinsa

Shekara shida ke nan da wani tsohon kwale-kwale mai jan zane ya shigo gidana a Samaru, ɗaure a kan rufin mota, kuma tun daga ranar tambaya ba ta yanke ba. Maƙwabta sun yi, ɗalibai sun yi, har wani dattijo a masallacinmu ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ko ka ji ƙishin-ƙishin ruwan ɗufana ne ka ɓoye mana?" Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsar da nakan bayar.

Wai wane irin jirgi ne wannan, me ake ce masa da Hausa?

Ƙaramin jirgin ruwa ne marar inji, tsawonsa daga mita 2 da 'yan kai zuwa mita 5, mai ɗaukar mutum ɗaya zuwa huɗu. Yana da jigo a tsaye, a jikin jigon ake ɗaura zanen da ke kama iska, wanda ake kira filafili. Da yake namu kwale-kwalen na matuƙi ne da gora, yawancin sassan wannan ba su da sunan da kowa ya sani. Ni da kafintana muka raɗa musu namu: allon da ake zurawa ƙasa ta tsakiyar jirgin muna ce masa allon tsakiya, na baya da ake juya jirgin da shi allon tuƙi, rufaffun wuraren da ke hana shi nitsewa kuwa akwatunan iska. Da su zan yi amfani a nan.

In na ce tsoho, ina nufin waɗanda aka ƙera daga bayan yaƙin duniya na biyu zuwa wajen 1980. A lokacin yaƙin ne aka inganta filawud da gam mai jure ruwa saboda ƙera jiragen sama na katako. Da aka gama yaƙi sai fasahar ta faɗo hannun talaka, mutum ya iya sayen yankakkun katakai ya haɗa jirginsa a garejin gidansa.

A Zariya? Ina ruwan da za a sa shi?

Wannan ita ce tambayar da ake yi da dariya. Teku dai ba mu da ita, amma ƙaramin jirgi irin wannan ba teku yake nema ba. Ruwan da ya kai ƙirjin mutum zurfi, da faɗin da za a yi ɗan zagaye, ya wadatar. Muna da madatsar Kubanni a Samaru, da ta kogin Galma, da ta Shika. Wanda ke son fili ya miƙa hanyar Kano zuwa Tiga, wadda aka gama a 1974, ko ya yi kudu zuwa Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi. Ƙananan madatsunmu na nan kusa sun cika da laka da ciyawa a gefe-gefe, allon tsakiya kan maƙale, don haka sun fi dacewa da koyo da gwaji bayan gyara. Tuƙi na jin daɗi sai Tiga.

Ba inji, to in iska daga gabanka take busowa fa?

Ba ka tunkararta kai tsaye. Filafili ba shimfiɗaɗɗen zane ba ne, yana da ciki kamar fiffiken jirgin sama (ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke nan garin su suka fi saurin gane wannan). In iska ta bi ta jikinsa takan ja jirgin gefe da ɗan gaba. Allon tsakiya da ke cikin ruwa shi ke hana zamewa gefe, sai ragowar ƙarfin ya tura jirgin gaba. Da haka ake iya karkata kusan digiri 45 daga inda iskar ke fitowa, a yi dama a yi hagu kamar jaki mai kaya yana hawan tudu, har a isa.

Na tsinci ɗaya a bayan wani gida. Yaya zan gane irinsa?

Fara da filafilin in yana nan, don kowane iri yana da tambarinsa a can sama.

In ja ne, kuma goshin jirgin ba tsini gare shi ba, kamar an sare shi da zarto, to Mirror ne, irin nawa. Jack Holt da Barry Bucknell suka zana shi a Ingila a 1962, jaridar Daily Mirror ta ɗauki nauyinsa, daga nan ya samo suna da jan launi. Tsawonsa mita 3.3, kuma an yi fiye da 70,000. In shuɗi ne, Enterprise ne, na 1956, tsawon mita 4 da ɗan ɗoriya. In ka ga hoton ƙararrawa, GP14 ne, na 1949, mita 4.27. Duka ukun nan da hannun Jack Holt a ciki, mutumin da ya fi kowa sa talakan Ingila hawa ruwa. Babban harafin W na Wayfarer ne, wanda Ian Proctor ya zana a 1957, mai faɗi da nauyi, kusan mita 5.

Na Amurka daban suke. Sunfish falale yake kamar faranti, da hoton kifi a filafili mai kusurwa uku da aka ɗaura tsakanin sanduna biyu. Laser, wanda Bruce Kirby ɗan Kanada ya zana, ya shigo kasuwa a 1971, na faiba ne, na mutum ɗaya, tambarinsa kamar tartsatsin wuta. In kuwa abin da ka tsinta ya yi kama da bahon wankan yara mai tsawon mita 2.3, Optimist ne na Clark Mills, na 1947, wanda yaran duniya ke fara koyo da shi. Mai jiki biyu da aka haɗa da shimfiɗa a tsakani yawanci Hobie ne, kuma irinsa daga Legas yake fitowa, inda kulob ɗin masu jiragen iska yake tun 1932.

In babu filafili, ɗauko tef ka auna tsawo da faɗi daidai, ban da ƙiyasi. Duba goshi, mai tsini ne ko sararre. Duba allon tsakiya, zura shi ake yi kamar takobi cikin kube, ko kuwa yana juyawa a kan ƙusa. Abubuwan nan uku kan tsuke binciken zuwa iri biyu ko uku.

Lambar da ke jikin filafilin fa, tana da amfani?

Tana da shi ƙwarai, amma kada ka rantse da ita. Kowane iri ana ba shi lamba bi da bi, saboda haka lambar kan nuna shekarar da aka yi jirgin. Matsalar ita ce filafili kamar babbar riga yake, ana aro, ana gado, ana saye a gwanjo. Lambar gaskiya a jikin jirgin take: wani an sassaƙa ta a allon baya (bangon ƙarshen jirgin) ta ciki, wani a bencin tsakiya, wani a ɗan farantin ƙarfe da aka kafa. Tawa sai da na kankare fenti hawa huɗu kafin ta fito, kuma ba ta yi daidai da ta filafilin ba.

Jiragen da aka yi don kasuwar Amurka daga Nuwamban 1972 suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a allon baya ta waje, a sama ta hannun dama. Ukun farko sunan kamfani ne a taƙaice, na ƙarshe kuma suna nuna lokacin ƙira. In ta dushe, ɗora takarda ka goga bakin fensir a kai, za ta bayyana.

To ina zan kai lambar in sami labari?

Kusan kowane iri yana da ƙungiyar masu shi, kuma suna ajiye jerin lambobi da shekarunsu, da littafin ƙa'idojin awo wanda zai gaya maka tsawon jigo, faɗin allo da girman filafili har milimita. Wannan littafin ya fi komai amfani ga mai gyara a Zariya, don da shi kafinta zai yi maka abin da ya ɓata ba tare da ya taɓa ganin na asali ba. A Ingila akwai ƙungiyar CVRDA ta masu tsofaffin ƙananan jirage. Shafin SailboatData yana da awo da zanen dubban iri. A Facebook ma akwai dandalin kusan kowane iri, cike da tsofaffin da suka yi ritaya suna jiran wanda zai tambaye su. Ka aika hoto uku, na gefe, na baya, na sama, da awon da ka yi. Ka ambaci cewa daga arewacin Najeriya kake, don mamakin haka kaɗai kan sa su zage su yi maka bayani.

Amma wannan tarihin irin ne, ba na jirginka ba. Yadda aka yi ya zo Zariya, sai a bakin mutane. Nemi tsofaffin masu gadi, kuku, direbobi da masu ban ruwan fulawa da suka yi aiki a gidajen manyan ma'aikata a shekarun 1970. Labarin nawa wani tsohon gadina ne ya ba ni shi a kan tabarma: na wani Bature ne malami, shi da 'ya'yansa suka haɗa shi a baranda, da zai tafi ya bar wa maƙwabcinsa, maƙwabcin ya mai da shi wurin shanya masara. Mai son bin takarda kuma ya leƙa tsofaffin jaridu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ko Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Nigerian Citizen da ake bugawa a nan Zariya, da New Nigerian da ta gaje ta a 1966, su ne inda za a duba tallan kayan masu barin ƙasa.

Kafin in biya kuɗi, me zan duba?

Kada sabon fenti ya ruɗe ka, kyan ɗan maciji ne. Gara wanda fentinsa ya kwaile kana ganin katakon, da wanda aka shafe jiya don a sayar.

Ɗauki sukudireba ka riƙa ƙwanƙwasa jikin da gindinta. Lafiyayyen katako amsa kuwwa yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi kabewa. Inda ka ji haka, danna da babban yatsa. Wuraren da suka fi mutuwa su ne gindin akwatin allon tsakiya, ƙarƙashin inda jigo ke tsayawa, kusurwoyin allon baya, da duk inda ruwan sama ya saba kwanciya. Buɗe akwatunan iska ka sa hanci, in warin rumbun da ya jiƙe ya buge ka, akwai aiki. Bi layin haɗi da farce. Gam ɗin da aka yi amfani da shi a wancan zamani yakan bushe ya zama kamar gilas bayan shekara arba'in ko hamsin, sai ka ga katako lafiya lau amma ba abin da ke riƙe da shi sai fenti.

Sannan ka ƙirga kaya, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Jiki kome lalacewarsa ana gyara shi a Sabon Gari. Jigon alminiyam mai tsawon mita 6, da filafili, da ƙarafan da allon tuƙi ke ratayuwa a kai, ba a Zariya suke ba, ba a Kano ba, da fam ko dala ake sayo su, kuma ba kamfanin aike da zai yi murnar ganin sanda mai mita 6. Mummunan jiki mai cikakkun kaya ya fi kyakkyawan jiki tsirara nesa ba kusa ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa nake yabon Mirror ga mutumin nan ƙasar: tsohon samfurinsa jigon katako gare shi, kashi biyu gajeru, duk suna shiga cikin jirgin, kuma kafinta zai iya yin wani.

Na ƙarshe, tabbatar mai sayarwa shi ne mai shi. Yawancinsu kayan da aka bari ne ko na gado. A rubuta takarda, a sa shaidu, mai unguwa ya sani.

Nawa ya kamata in biya?

Ba shi da kasuwa a nan, don haka ba shi da farashi. Mai shi ko dai yana ganin tarkace ne ya ba ka kyauta, ko wani ya hure masa kunne cewa kayan tarihi ne ya kira kuɗin mota. Ka sa a ranka gyara zai ci ninkin abin da ka biya, kuma ranar da za ka sayar ba za ka mai da kuɗinka ba.

Ruwa ne ke lalata shi ko?

A Ingila, e. A Zariya abokan gabansa uku ne, kuma duk a tudu suke: rana, hunturu, gara.

Katako yana numfashi da iska. A watan Agusta ya sha danshi ya kumbura, a Janairu iskar hunturu ta tsotse shi har danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Shekara bayan shekara yana kumbura yana tsukewa, tsohon gam yana tsagewa, ƙusa tana sakin jiki. Jirgin da aka ƙera don ƙasar da ba ta san ƙishi ba, a nan yake gane kurensa. Rana kuma tana cin banish, tana cin faiba, tana cin zaren filafili. Gara kuwa ba ta sallama. Takan cinye cikin filawud ta bar maka fatar fenti a tsaye, sai ranar da ka jingina hannu ya wuce.

Saboda haka ajiya ta fi gyara muhimmanci. Kife shi a inuwa, ƙarƙashin rumfar da iska ke wucewa, a kan mazaunin ƙarfe, ba a ƙasa ba, ba kuma jingine da katangar ƙasa ba. Ni ƙafafun mazaunin nawa a cikin gwangwanayen baƙin mai suke tsaye. Kada ka naɗe shi da leda ruf da damina, zai yi gumi ya ruɓe. Filafili a naɗe shi a busasshe a sa a akwatin ƙarfe cikin ɗaki, don ɓera na son sa da sheƙa. Toshe bakin duk wani bututu da tsumma, in ba haka ba zanzaro zai gina maka gida a ciki. Awaki ma a yi musu shinge, kifaffen jirgi dutse ne a wurinsu.

Hunturu dai yana da rana ɗaya: babu abin da ya kai shi busar da jirgin da ya sha ruwa. Abin da Bature zai yi wata uku yana hura wa na'ura, mu mako biyu a Disamba ya isa.

Kafintan unguwarmu zai iya gyara shi?

Zai iya, in ya yarda cewa wannan ba wadurob ba ce. Abu uku za ka tsaya a kansu ko da za ku ɓata.

Na farko filawud. Wanda ake silin da ƙofa da shi, ruwa ɗaya zai sha ya ɓare kamar albasa. Na jirgi ake nema, mai hatimin BS 1088, kuma tunda hatimi ba wuyar bugawa gare shi ba, yanki ɗan guntu ka dafa shi a tukunya awa biyu ko uku, ka shanya, ka sake dafawa. In bai rabu ba, saya. Duba bakinsa kuma, kada ka ga ramuka tsakanin hawa da hawa. Abin dariyar shi ne, yawancin jiragen nan na Ingila da itacen yankinmu aka yi su: filawud ɗin daga itacen Gabon, adon gefe daga dangin maɗaci, da itacen da Turawa ke kira da sunan garin Sapele. In ka sa maɗaci a bakin jirgin, gida ka mai da shi. Sai dai ban da jigo, ya yi nauyi. Jigo na son itace marar nauyi, miƙaƙƙe, marar ƙulli.

Na biyu gam. Farin gam na kafintoci ba ya cikin lissafi. Ifoksi ake so, mai ruwa biyu da ake haɗawa da awo daidai yadda aka rubuta a gwangwani, ba da ido ba. A zafin Maris da Afrilu yakan daskare kafin ka gama shafawa, har kofin ya yi zafi ya yi hayaƙi, don haka a haɗa kaɗan-kaɗan a faffaɗan mazubi, a yi aikin bayan sallar asuba. A sa safar hannu. Bayan ya bushe dole a rufe shi da fenti ko banish, don shi ma ba ya jure rana.

Na uku ƙusa. Baƙin ƙarfe zai yi tsatsa ya ɓata katakon da ke kewaye da shi. Tagulla, ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Tafi kasuwa da maganaɗisu a aljihu, wanda ya manne sosai ka ajiye musu abinsu.

In za a yi faci, ba a haɗa baki da baki. A fiƙe gefen biyu su kwanta kan juna, tsawon fiƙar ya ninka kaurin katakon sau 8. Shi Mirror ɗinke shi aka yi tun asali da wayar jan ƙarfe, sannan aka bi layin da ƙyallen faiba. Wayar ba ta gagara, masu rewayin na zubar da ita.

Kuskurena na farko shi ne na bi shawarar wani mai gyaran bodin mota, muka cike ruɓaɓɓen wuri da fila ɗin mota muka lulluɓe da rezin ɗin bamba. Ya yi sumul kamar ƙwai. Damina ɗaya da hunturu ɗaya, ya ɓanɓare gaba ɗaya kamar ɓawon rogo, ruɓar da ke ƙarƙashi kuma ta ninka. Shi bai cuce ni ba, abin da ya sani ya yi. Ruɓaɓɓen katako yanke shi ake yi har a kai ga mai rai.

Banish kuma a yi shi a Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta sauko. In ka shafa a Janairu, samfefa za ka samu.

Na faiba fa, shi ma haka?

Ya fi haƙuri, gara ba ta cin sa, kuma a nan ne masu gyaran bamba da tankin ruwa suke da amfani. In ka shafa ka ga farin gari a hannu, rana ce ta ci fatar, gogewa da fenti sun isa. Ƙananan tsagu kamar yanar gizo ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ka taka saman ka ji ya lotsa.

Kai shi sikelin 'yan hatsi. Jikin Laser kilo 59 ne, in ka ga ya haura da yawa, ruwa ne a ciki. Sunfish ya fi fama da wannan saboda soson da ke cikinsa. A yanka ƙofar dubawa a bar hunturu ya yi aikinsa. A Laser kuma cika ramin jigo da ruwa ka jira, in ya ragu, ramin ya tsage, kuma sai an gyara kafin a hau. Don gano inda yake yoyo, shafa ruwan sabulu a layin haɗi ka hura iska kaɗan da famfon keke. Kada ka kuskura ka kai wa mai faci ya sa injinsa, zai raba maka jirgin gida biyu.

Filafilin ya yage. Tela zai iya?

Faci, e. Nemi mai keken da ke ɗinkin zigizag, da zaren roba mai ƙarfi, masu ɗinkin rumfar Keke Napep sun fi telan kaya fahimta. Amma kafin ka wahala, karci ɗinkin da farce, ka ɗan gwada yaga gefen ƙyallen da yatsu. In ya tafi kamar takarda, rana ta gama da shi. Sabo kuma ba a yanka shi a shimfiɗe, sai an bi lanƙwasar da ke ba shi ciki. Don koyo, na tamfol yana aiki, masu kwale-kwale a ruwan Legas ma da buhunan da aka ɗinke suke kama iska. Babban filafilin Mirror bai wuce murabba'in mita 4.6 ba, don haka na hannu daga Ingila zai shiga akwatin ɗalibin da ke dawowa. Sai dai kada a yi wa filafili guga.

In mai da shi yadda ya fito daga kamfani, ko in gyara yadda ya samu?

Ra'ayina, gyara don ya hau ruwa. An yi su dubbai, na farkon Mirror ma yana gidan tarihi a Falmouth ta Ingila, ba naka ake jira ba. Abin da kawai ba na so a taɓa shi ne siffar jiki, da wurin jigo, da girman allon tsakiya, don waɗannan lissafi ne. Kuma kada a ƙara masa nauyi da sunan ƙarfi. Kafinta zai so ya sa maka katako mai kaurin inci, ka hana shi.

Sai na nemi izini?

Kowace madatsa tana da mai ita. Kubanni ruwan shan jami'a ne, Tiga na ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, hanyoyin ruwa na ƙasa kuma hukumar NIWA ce ke kula da su daga Lakwaja. Je ka yi sallama a ofis kafin ka sauke jirgi. Bayan takarda kuma akwai Sarkin Ruwa. Kai masa gaisuwa da goronsa. Shi zai gaya maka inda aka shimfiɗa kalli da mamari, da inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suke laɓe. Ka ja ragar masunci da allon tsakiya sau ɗaya, ka ga yadda zumunci ke tsinkewa.

In ya kife fa? Ni ban iya iyo ba.

Zai kife, ba in ba. A wannan wasa kifewa kamar faɗuwa ce a koyon keke. Don haka ka koyi iyo tukuna, kuma ko ka iya, rigar kariya a jiki, a ɗaure, kai da duk wanda ya hau. Ba a fafe gora ranar tafiya: bayan kowane gyara kai jirgin inda ruwa ya tsaya maka a ƙugu, ka kifar da shi da gangan, ka bar shi rabin awa, ka ga ko akwatunan iska sun sha ruwa. Ka koyi tayar da shi ta hanyar taka allon tsakiya kana jan bakinsa. In ya kife a tsakiyar ruwa, riƙe shi, kada ka bar shi ka nufi gaɓa, gaɓa ta fi yadda ido ke nuna maka nisa. Nisanci mazubar madatsa. Kafin ka ɗaga jigo a bakin ruwa, ɗaga kai ka duba wayar lantarki.

Akwai kuma tsagiya. Ruwan da ba ya gudu, mai ciyawa da ƙananan katantanwa, gidanta ne, kuma ta fata take shiga. Rage tsayuwa a cikin ciyawar gefe, ka goge jiki da ka fito. In ka ga jini a fitsari ko zazzaɓin da ba ka gane kansa ba, gaya wa likita ka shiga ruwan madatsa. Tana da magani.

Wane lokaci ya fi?

Oktoba zuwa Disamba: madatsu a cike, iskar arewa maso gabas ta fara kaɗawa a natse. Janairu iskar ta fi ƙarfi amma ruwan da sanyi. Lokacin da nake tsoro shi ne Afrilu da Mayu, da kuma ƙarshen damina, sa'ad da hadari ke tasowa daga gabas da guguwa a gabansa. Da ka ga gabas ta yi baƙi, nufi gaɓa mafi kusa, ba inda ka ajiye mota ba.

Har ina irin wannan ɗan abu zai iya zuwa?

A 1963 wani Bature mai suna Frank Dye da abokinsa sun tuƙa Wayfarer daga Sikotilan har Aisilan, mil 650 a kwana 11, a buɗaɗɗen jirgi marar ɗaki. Ni iyakata tsallaken Tiga, in ci gyaɗa in dawo.

Yaya zan kai shi bakin ruwa?

Mirror, Laser da Sunfish suna hawa rufin mota a kife, mutum biyu sun isa ɗagawa. A sa katako biyu da tsohon bargo a ƙarƙashi, a ɗaure tsakiya sau biyu, sannan goshi da baya kowanne da igiyarsa zuwa jikin motar, don a hanyar Kano tirela in ta wuce iskarta ɗaga shi take yi. GP14 da Wayfarer sun fi ƙarfin rufi, sai a-kori-kura ko amalanken ja. Ka riƙe takardar saye a mota, kuma ka ƙara rabin awa a lissafin tafiyarka, don kowane shinge sai an tsai da kai. Yawanci ba takarda suke nema ba, so suke su ji ina injin yake.